Farantin da Ke Tsakanin Takalmi da Allo: Tasirinsa ga Lanƙwasa da Shan Kwana a Zamiyar Ƙanƙara

Allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda mai wasa ke ɗaure ƙafafunsa biyu a kansa ya gangaro daga saman dutse yana tsaye a kaikaice, ba shi da sitiyari kuma ba shi da taya, saboda haka duk kwanar da zai sha daga siffarsa da kuma yadda yake lanƙwasa take fitowa. Hanyoyi biyu ne ake juya shi. A ta farko, wadda kowane ɗan koyo ke farawa da ita, ana tura wutsiyar allon gefe ta yi ta gogar ƙanƙara tana watsa ta har gudun ya ragu. A ta biyu kuwa, wadda ake kira yanka, mai wasa yakan kishingiɗar da allon a kan kaifinsa, wato siririn ƙarfen da ke zagaye da bakinsa, ta yadda kowane sashe na kaifin zai bi ta inda hancin allon ya riga ya bi, a bar wani siririn zane guda a baya maimakon faffaɗan shara. Masu yanka su ne suka fi kowa damuwa da farantin da ake sakawa tsakanin takalmi da allo, domin a wurinsu santimita ɗaya ko biyu na iya raba kwana mai tsabta da faɗuwa.

Kafin a fahimci aikin farantin, wajibi ne a san dalilin da ya sa allo ke juyawa da kansa. Idan aka kwantar da shi a ƙasa aka dube shi daga sama, za a ga hanci da wutsiya sun fi ƙugu faɗi, kuma kowane gefe ya shiga ciki a hankali kamar an yanko shi daga bakin wata babbar da'ira. Ana auna wannan shigar ƙugu da tazarar da ke tsakanin cibiyar waccan da'irar da bakinta, kuma idan tazarar ta yi tsawo allon yakan so doguwar kwana, idan ta gajarta yakan so matsattsiya. A ɗauki allon da kaifinsa mai taɓa ƙasa ya kai santimita 150, tazarar da'irarsa kuma mita 12. Lissafi ya nuna cewa ƙugunsa ya shige ciki da kimanin santimita 2.3 daga miƙaƙƙen layin da ya haɗa hanci da wutsiya. Da zarar an karkata shi a kan ƙanƙara mai tauri, hanci da wutsiya ne kaɗai za su taɓa ƙasa, ƙugun yana rataye, har sai nauyin mai wasa ya danna shi ya sauka. A karkatar digiri 45 dole tsakiyar allon ta lotsa da wannan santimita 2.3 kafin kaifin ya zauna gaba ɗaya, a digiri 60 kuma sai ta lotsa da kusan santimita 4, kuma a lokacin kwanar da yake yankawa ta tsuke daga mita 12 zuwa kimanin mita 6. Ma'anar wannan ita ce kwana da lanƙwasa abu guda ne, kuma duk abin da ya hana allo lanƙwasa yadda maƙerinsa ya nufa ya riga ya sauya kwanar da zai sha, ko mai shi ya sani ko bai sani ba.

Mafi sauƙin farantai shi ne ɗan dandamali na roba mai tauri ko alminiyam ko zaren kabon, mai kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, wanda ake sawa a ƙarƙashin kowane maɗauri, wato na'urar da ke riƙe takalmi a kan allo. Matsalar da aka ƙirƙire shi dominta a bayyane take. Takalmin babban mutum yakan kai santimita 30 ko fiye, alhali ƙugun allon da aka saba sayarwa bai cika wuce santimita 25 zuwa 26 ba, don haka yatsu da diddige sukan leƙo waje. Muddin allon na kwance babu damuwa, amma idan aka kishingiɗar da shi sosai sai bakin takalmin ya caki ƙanƙara, ya ɗaga kaifin daga gurbinsa, allon ya sulluɓe daga ƙarƙashin mai shi a daidai lokacin da ya fi dogara da shi. Idan takalmi ya leƙo da santimita 2 kuma yana bisa kaifin da santimita 2, zai taɓa ƙasa a digiri 45, amma idan faranti ya mai da tsayin santimita 4, ba zai taɓa ba sai a kusan digiri 63, wanda babban bambanci ne ga mai son kwanciya a cikin kwana har hannunsa ya shafi ƙasa. A aikace takalmin yakan taɓa tun kafin hakan, saboda kaifin yana nutsewa cikin ramin da yake haƙa wa kansa.

Ana yawan cewa ƙarin tsayi yana ba mai wasa ƙarin ƙarfin danna kaifi, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai an fi zuzuta ta fiye da kima. Zancen ya samo asali ne daga tseren ski, wato siraran alluna biyu da ake ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, inda faɗin ƙugu kimanin santimita 6 da rabi ne kawai, don haka ɗaga takalmi da 'yan santimita yana sauya yadda ƙarfi ke sauka a kan kaifi ƙwarai da gaske. Tasirin ya kai har hukumar FIS, mai kula da waɗannan wasanni a duniya, ta ƙayyade cewa tsayin ski da faranti da maɗauri a haɗe kada ya wuce milimita 50, saboda kaifin da ya kama fiye da kima gwiwa yake murɗewa. A kan allon zamiya kuwa, tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙafa da kaifi ta kai santimita 10 zuwa 13, saboda haka ƙarin santimita ɗaya ko biyu a tsaye bai taka kara ya karya ba. Abin da masu wasa ke ji su kira shi ƙarfi, galibi daga wani wuri yake zuwa, wato daga taurin da farantin ya ƙara wa allon a ƙarƙashin ƙafa, da kuma yadda yake kai nauyi kai tsaye zuwa bakin allon maimakon ya bar shi a tsakiya.

Nan ne batun ya fara zurfi. Duk wani abu mai tauri da aka ɗaure a bayan allo da kusoshi masu zare yakan hana sashen da ke ƙarƙashinsa lanƙwasa, ko maɗauri ne ko faranti, kuma gwargwadon faɗin gindinsa gwargwadon tsawon wurin da ya sandare. Maimakon allon ya zama baka guda mai santsi daga hanci zuwa wutsiya, sai ya zama sassa masu lanƙwasa da wasu miƙaƙƙu biyu a tsakaninsu, kuma kaifin da ke bin irin wannan siffa ba ya danna ƙanƙara daidai wa daida a tsawonsa. Wani wuri yakan nutse, wani ya yi sako-sako. Ban da haka, lanƙwasar da aka hana a ƙarƙashin farantin ba ɓacewa take yi ba, taruwa take a daidai bakinsa, shi ya sa alluna da yawa da suka karye ko suka tanƙware har abada a gaban maɗaurin gaba ko a bayan na baya suke yin hakan. Maƙera masu lura sukan zagaye kusurwoyin faranti, su sa roba a ƙarƙashinsa, ko su tsaya shi a kan 'yan ƙafafu masu laushi da ke rarraba nauyi, duk don allon ya sami damar motsi a ƙarƙashi.

Akwai kuma wata matsala da ba allon ta shafa ba, jikin mai wasa ta shafa. Lokacin da allo ya lotsa a tsakiya, wurin da ƙafar gaba take da wurin da ta baya take sukan karkato su fuskanci juna, kuma tun da masu tsere takalman roba masu tauri suke sawa, irin waɗanda ke kama ƙwauri kam, wannan karkata takan tura gwiwoyi su matso kusa. Ƙafafun su ma sukan yi turjiya, su hana allon lanƙwasa yadda yake so. A kan fili mai laushi ana iya jurewa, amma filin tsere daban yake. Tun daga gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City ta Amurka, tseren allon yanka ya koma na mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a layin jajayen tutoci ɗaya a na shuɗɗa, ana fitar da wanda aka kayar, kuma bayan gomman mutane sun bi ta gindin tuta guda sai wurin ya zama kwari mai ƙunshe da tudu da gangare kamar an yi huɗa. Allon da ya shiga irin wannan wuri da gudu yakan lanƙwashe ya miƙe sau da yawa cikin daƙiƙa guda, kuma kowace girgiza a ƙafa take ƙarewa.

Maganin da aka samo shi ne dogon faranti guda ɗaya wanda ke ɗauke da maɗaurai biyun, ya tsaya a bisa allon kamar gada, bai taɓa shi ba sai a wurare biyu. A ɗaya ƙarshen, galibi na baya, akwai sandar ƙarfe da ke aiki kamar hinji, tana juyawa amma ba ta gusawa. A ɗaya ƙarshen akwai irin wannan sanda, sai dai ita an ba ta 'yar hanya da za ta zame gaba da baya. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin babbar mota ya ga wannan dabara a jikin sifirin ɗinta, inda kai ɗaya ke kafe a kan fil, ɗayan kuma ke rataye a kan ɗan hannu mai lilo, domin ƙarfen da ya lanƙwasa tazarar da ke tsakanin kawunansa takan ragu, kuma idan an kafe duka biyun ba zai lanƙwasa ba ko kuma wani abu ya tsinke. Motsin ba shi da yawa. Idan tazarar sandunan biyu santimita 60 ce, allon kuma ya lanƙwasa zuwa bakan da'ira mai tazarar mita 5, tsakiyarsa za ta nisanci farantin da kimanin milimita 9, sandar gaba kuma za ta zame da milimita biyu zuwa uku kacal. Waɗannan 'yan milimita su ne dukkan sirrin, domin su ke barin allo ya yi bakansa cikakke a ƙasa alhali ƙafafun mai wasa na tsaye a kan shimfiɗa guda da ba ta karkata a sama.

Farantai na farko da suka yaɗu a filin tsere, irin na Hangl daga Suwizalan da na kamfanin Vist na Italiya, sun fi karkata ga danne karkarwa da ƙara tauri, suna kwance kusa da allon suna zamewa kaɗan a kansa. Sun zo daidai da wani sauyi a ƙirar allon kansa, wanda aka fi danganta shi da Hansjürg Kessler, maƙeri a ƙauyen Braunwald na Suwizalan, wanda allonsa Philipp Schoch ya hau ya ci zinare a 2002. Irin waɗannan alluna suna ɗauke da siraran shimfiɗu na Titanal, wani gamin alminiyam da ake yi a Ostiriya, tare da roba a cikinsu, abin da ya sa suke lafewa a kan ƙanƙara ba sa tsalle, kuma shigar ƙugunsu ba da'ira guda ba ce, takan tsuke a wajen hanci ta buɗe a wajen wutsiya. Allon da aka tsara lanƙwasarsa da irin wannan kulawa asara ce a sandarar da shi da maɗauri. Gasar Olamfik ta 2010 a Bankuba ce ta fito da faranti mai hinji fili, domin ƙungiyar Kanada ta zo da wani na zaren kabon da kamfanin Apex ya ƙera mata a ƙarƙashin shirin Own the Podium, wanda ƙasar ta kafa don neman lambobi a gasar da take karɓar baƙunci. A dutsen Cypress, cikin ruwan sama da hazo, Jasey-Jay Anderson, yana da shekara 34 kuma a zuwansa na huɗu, ya doke Benjamin Karl na Ostiriya a karawar ƙarshe, shi ma Karl ɗin a kan wani faranti irin wannan yake. Bayan wannan gasa ƙananan kamfanoni irin su Bomber da Donek na jihar Kolorado suka fitar da nasu don masu wasan nishaɗi, maƙeran alluna kuma suka soma binne ƙarin ramukan kusoshi kusa da baki, a tsarin da aka sani da UPM, tun da ramuka huɗu na maɗauri da ke tsakiya masu tazarar santimita 4 ba domin irin wannan aiki aka yi su ba.

Abin da farantin ya bayar da hannun dama yakan karɓi wani abu da na hagu, kuma mafi girman abin da yake karɓa shi ne murɗa. Allo ba gaba da baya kaɗai yake lanƙwasa ba, yana kuma murɗewa a tsawonsa, kuma gwanin wasa yakan yi amfani da hakan da gangan, ya danna yatsun ƙafar gaba yayin da diddigen baya ke riƙe, ta yadda hancin allon zai fara kama sabuwar kwana tun wutsiya ba ta saki tsohuwa ba. Da wannan dabara ake sarrafa allo a ƙaramin gudu, a siririyar hanya, ko a cunkoson da ke gaban kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse. Faranti mai tauri ya haɗe ƙafafun biyu sun zama abu guda, saboda haka kaifin ko dai ya kama gaba ɗaya ko ya saki gaba ɗaya. A cikin gudu wannan alheri ne, domin allon ba ya murɗewa ya zubar da riƙonsa a kan ƙanƙara mai sulɓi, amma a tafiyar sannu sai mai wasa ya ji kamar an raba shi da ƙasa, yana ba da umarni ana jinkirin amsawa. Ga kuma nauyi, wanda kan kai kilo ɗaya zuwa biyu, yana rataye a ƙafa guda duk tsawon hawa dutse. Akwai wata illa da ba a cika ambata ba, ita ce girgizar da farantin ke shanyewa ita ce kuma saƙon da ke gaya wa mai wasa irin gudun da yake yi da irin ƙasar da yake takawa, don haka wanda bai ƙware ba yana iya samun kansa cikin gudun da ya fi ƙarfinsa ba tare da jikinsa ya gargaɗe shi ba.

Inda aka kafa sandunan ma yana sauya halin allo, kuma a nan ne masu gyara kayan tsere ke ɓata lokacinsu. Nauyin mai wasa ba ta ƙarƙashin ƙafafunsa yake shiga allon ba yanzu, ta sandunan biyu yake shiga. Idan aka nisanta su, nauyin yana sauka kusa da hanci da wutsiya, tsakiyar ba ta lotsawa da sauƙi, allon ya zama kamar ya fi tauri kuma ya fi son doguwar kwana. Idan aka matso da su ciki, nauyin ya taru a ƙugu, allon ya lanƙwasa da wuri ya tsuke kwana, amma mai wasa yana iya jin ƙafarsa na rinjayar sandar kamar yana tsaye a bakin tebur. Shi kansa farantin yana da nasa taurin, mai kauri ya fi raba ƙafa da allo, siriri kuma yakan ɗan lanƙwasa ya mayar da wani kaso na murɗar da aka rasa.

Abin lura shi ne filin tsere bai tsaya a kan sakin allo gaba ɗaya ba. A shekarun da suka biyo bayan gasar Olamfik ta 2014 a Sochi, farantin Allflex na ƙasar Sulobeniya ya mamaye manyan gasanni, kuma tunaninsa ya sha bamban da na gada mai ƙafa biyu. An sassaƙa shi daga alminiyam, yana zaune ƙasa-ƙasa, an ɗaure shi can kusa da bakin allon, kuma yana da abin riƙo a tsakiya wanda ke barin allon ya lotsa zuwa wani iyaka sannan farantin ya shiga aikin ya tallafe shi. Wannan ya dace da buƙatar ɗan tsere, wanda ba kwana mafi tsukewa yake nema ba, yana neman allon da ba zai naɗe a cikin kwari ya harba shi sama ba, wanda kuma zai bi miƙaƙƙen layi zuwa tuta ta gaba. Saboda haka a yau allon tsere da farantinsa tare ake tsara su, har ana sassauta ƙugun allon da sanin cewa ƙarfen da za a ɗora masa zai cike gurbin, kuma wanda ya raba su ya hau allon shi kaɗai ba ainihin abin da maƙerin ya nufa yake hawa ba.

Ga mai yanka don nishaɗi lissafin daban ne, kuma sau da yawa farantin amsa ce ga tambayar da ke da amsa mafi sauƙi. Masu takalman roba masu tauri sukan juya ƙafafunsu gaba da digiri 50 zuwa 60, abin da ke sa takalmi ya shige cikin allon da ƙugunsa bai wuce santimita 19 ko 20 ba, don haka matsalar cakar ƙasa ba ta cika damunsu ba, kuma idan filin da suke hawa sabon gyara ne mai laushi, allon ƙarfe na zamani ya riga ya shanye mafi yawan karkarwar. Masu takalma masu laushi, waɗanda yawansu ya ƙaru ƙwarai a Japan da Koriya ta Kudu, su ne suka fi amfana da ɗan dandamali a ƙarƙashin kowace ƙafa, duk da cewa su ma yanzu suna da zaɓin yin odar allo mai ƙugun santimita 28 ko 30 daga ƙananan maƙera, wanda ke kawar da leƙowar takalmi ba tare da an taɓa lanƙwasar allon ba, sai dai ya fi nauyin juyawa daga kaifi zuwa kaifi kuma ya fi gajiyar da idon sawu. Wanda ya zaɓi farantin kuwa sai ya tabbatar tsawon kusoshinsa ya dace da ƙarin kaurin, domin gajeriyar kusa zare biyu ko uku kawai take kamawa ta fizge a tsakiyar kwana, doguwa kuma takan tokare gindin ramin ta kumburo da tafin allon daga ƙasa.